ƘAFAR MAƊINKIYAR GAJIMARE

Shafi na 23

Masu cika mini waya da saƙo tun safe, na ji, na gani, ku sassauta mini haka. Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muka kwana: jiya Auta ta gano cewa Mai Lema, mutumin nan da ya yi ta zarya shagonsu na labule da sunan awon taga, shi ne ya mayar da littafin da ta fi so a duniya ya zama fim, fim ɗin da ita da ƙawayenta na waya suka yi wa kaca-kaca. Yau da yamma kuma za ta hau dandamali ta ƙarasa shi a gaban jama'a.

*

Rana ta karkata, haskenta ya ratso ta cikin labulayen da aka rataye a jikin gilashin shago ya zubo ƙasa launi-launi. Inda ya bi ta shuɗi sai ka ce ruwa ne ya kwanta. Inda ya bi ta farin leshi sai ka ce gajimare ne ya sauko ya huta a kan tebur. A nan Auta take zaune, allura a hannu, bakin labule a cinya, amma tun ɗazu ba ta soka ko sau ɗaya ba. A ƙarƙashin tebur ta miƙe ƙafarta ta hagu, mai takalmin nan mai kaurin ƙasa, don ta ɗan huta kafin tafiyar yamma.

Wayarta sai zillo take a gefen almakashi. Zauren Masu Allura ne, inda masoya *Maɗinkiyar Gajimare* suke kwana su tashi. Littafin kowa ya san shi: labarin yarinyar da ke hawa matakalar iska kowace asuba ta ɗinke gajimaren da ya yage, don kada ruwan shekara ya zubo wa garinsu a rana ɗaya. Tun da fim ya fito, 'yan zauren nan ba su runtsa ba. Zaren ɗinkinta a littafi ruwan azurfa ne, masu fim suka mai da shi ruwan zinare. Allurarta ƙashin kifi ce, suka ba ta ta ƙarfe har da ƙyalli. Tsuntsun kakarta farin gashinsa a fiffiken dama yake, a fim ya koma hagu, wani bawan Allah da ya ce ƙila madubi aka haska sai da aka kore shi daga zauren, bai dawo ba sai da ya ba da haƙuri. Akwai kuma wani da ake ce wa Ƙididdiga, wanda ya tsayar da fim ya zauna ƙirga maɓallan rigar yarinyar, ya zo ya ba da rahoto kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Duk cikinsu ba wanda ya kai Auta. Tsinin Allura suke kiran ta. In gardama ta kaure, ita ba ta buɗe littafi, daga kai take zubo layin gaba ɗaya, a je a duba a tarar haka yake, ko wasali bai goce ba.

Amma babban kifin da ta kama ba ta nuna wa kowa ba. Ka san halin 'yan zaure, kana faɗin abu wani zai sure shi ya kai wani dandalin ya ce shi ya gano. Sai ta riƙa yi musu ƙwalele, tana cewa akwai kuskuren da ya fi duka, yana gaban idonsu ba su gani ba, kuma ba za ta faɗe shi ba sai a gidan sinima, a zaman da aka shirya tsakanin masu fim da masoya littafi. A zaman nan ne kuma marubuciyar littafin, tsohuwar da ba wanda ya taɓa ganin ko hotonta, ta yarda za ta fito karon farko.

Daga can ciki, bayan tulin yadudduka, Yaya, babbar 'yar'uwarta, ta ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ta leƙo. Ta ce mai tagar nan da ba ta daina girma ga shi nan tafe, ko a ɗauko masa tef ne?

Auta ba ta yi dariya ba.

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Ya shigo da lemarsa a naɗe, alhali ko ɗigo ba a yi ba yau. Ya gaida Yaya da ladabi, ta amsa masa da faɗin baki ta koma kan kekenta, amma ta rage gudu yadda kunnenta zai yi aiki.

"Yau ma awon taga ne," in ji Auta ba tare da ta ɗago ba, "ko mun kai kan ƙofa?"

"Haƙuri na zo bayarwa."

"Malam marubuci da kansa?"

Ya ja kujera ya zauna nesa kaɗan, lemar a kan gwiwarsa. Ya ce ya san ya yi laifi da ya ɓoye mata, amma ranar farko da ruwa ya koro shi shagon nan, ya tarar da ita tana yi wa mai rubutun fim ɗin wankin babban bargo da almakashi a hannu, wane mai hankali ne zai ce ga ni? Daga nan kuma kullum sai ya ce gobe zai faɗa, goben ta ƙi zuwa. Ya ce zaren azurfa sun gwada shi, in aka ɗora shi a kan farin gajimare kyamara ba ta ganinsa, sai ka ga yarinya tana ɗinka iska. Allurar ƙashin kifi kuwa an sassaƙa ta ya fi a ƙirga, duk karyewa take a hannun 'yar wasan. Maganar tsuntsu ce kawai ba shi da abin cewa, wannan kam sun kwafsa.

Wani abu ya motsa a gefen bakinta, ta danne shi.

"Zare na yafe. Allura na yafe. Tsuntsu ma ya je ya ji da fiffikensa." Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi. "Ƙafar fa?"

"Wace ƙafa?"

"Ka sa ta gudu."



Ta ajiye labulen ta miƙe. Ta tako daga bayan tebur zuwa tsakiyar shago, cikin hasken nan mai launi, ƙafar dama tana gaba, ta hagu tana biyo ta a hankali da 'yar ƙarar nan tata a kan daɓe. Ta daɗe da daina jin kunyar tafiyarta a gabansa, amma yau da gangan ta yi ta.

Ta ce masa tun da aka nuna wurin da yarinyar ta haye matakalar iska kamar barewa, ta daina ganin majigin, hawaye ya rufe mata ido. Maɗinkiyar Gajimare ɗingishi take yi. Ƙafarta ta hagu take ja. Duk duniyar littattafai, da 'ya'yan sarakunansu da masu fukafukansu, ita kaɗai ce mai tafiya irin tata, ita ɗin ma sun zo sun miƙe mata ƙafa don ta yi kyau a hoto.

"Wannan ne zan faɗa yau," ta ce. "A gaban wadda ta rubuta ta."

Bai kare kansa ba. Ya sunkuyar da kai kamar mai laluben wani abu a cikin ƙwaƙwalwarsa, ya ɗago a hankali.

"Auta, a ina kika karanta wannan?"

"Babi na biyu. Ko ba ka kai nan ba ka fara rubutu?"

"Wane bugu ne a hannunki?"

"Ba bugu ba ne."

Ta ɗauko wayar, yatsanta ya tafi wurin da ya saba zuwa ko ido a rufe.

Tana ƙarama aka kwantar da ita asibiti, aka yi ta aiki a ƙafar nan, wata ya bi wata tana kallon silin. Abbansu mai gyaran rediyo ne, lokacin ziyara kuma gajere, kafin ya rufe shago ya iso an kusa korar mutane. Sai ya samo dabara. Ya sayo littafin, ya riƙa karanta shi a cikin kaset babi-babi, yana kawo mata da 'yar rakoda ta ajiye a gefen matashin kai. Da muryarsa ta san matakalar iska, da muryarsa ta haddace kowane layi. Bayan rasuwarsa Yaya ta kai kaset ɗin aka juye mata su a waya. Littafin kansa yana sama a akwatin Abba, ba ta taɓa iya buɗe shi ba, ba ta kuma taɓa sayen wani ba. Me za ta yi da takarda alhali tana da muryarsa? Wannan kuwa ko 'yan zaure ba su sani ba.

Ta danna.

Shuuu na tsohon kaset ya fara cika shagon. Can ƙasa ana jin wata rediyo tana ƙoƙarin kama tasha, da ƙarar sukurdireba da aka ajiye a kan katako. Sai 'yar gyaran murya. Sai shi.

*"Maɗinkiya ta soke allurarta a wuyan riga, ta tsaya a gindin matakalar iska. Ta ɗaga kai ta hango yagar da ke cikin gajimare, ruwa har ya fara tsattsafowa…"*

Muryar ta tsaya. Ba wani dogon shiru ba ne, kamar mutum ya ja numfashi ya riƙe.

*"…sannan ta fara hawa, tana jan ƙafarta ta hagu a hankali. Iska kuwa ba ta gaggauta ta ba. A kowane mataki sai ta tsaya ta jira ta."*

Labulen leshi ya ɗan motsa, ko da yake ƙofa a rufe take. Auta ta lumshe ido. A duk lokacin da ta ji wurin nan sai ta ga kanta can sama, gari ya zama ƙanƙani a ƙarƙashinta, wani abu mai sanyi yana riƙe da tafin ƙafarta har sai ta ɗago ɗayar.

Mai Lema ya roƙe ta ta maimaita masa. Ta maimaita. Da aka zo wurin shirun nan sai ya cire tabarau ya riƙe a hannu, bai mayar ba har aka gama.

"Ki ce ban iya rubutu ba," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ki ce na ɓata zare, na ɓata allura, na ɓata tsuntsu. Ki ce ban cancanci taɓa littafin nan ba, zan zauna in ji, ba zan ce uffan ba. Amma wannan ki bar shi a nan, tsakaninki da shi."

"Tsoro kake ji."

"Ina ji."

"Kada sunanka ya ɓaci."

"Ba sunana ba."

"To na wa?"

Ya buɗe baki, ya dubi wayar da ke hannunta, ya rufe. Ita kuwa a ranta shirun nan shi ne amsa, mai gaskiya ba ya rasa ta cewa. Ta gaya masa ya je ya shirya, su haɗu a dandamali, kuma tagarsa daga yau ya nemi wani shagon ya auna masa.

Ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo kamar zai yi magana, sai ya dubi can ciki wajen Yaya, kallon mai neman agaji, ya fita. Lemar tana nan jingine da kujera, ya manta da ita.

Sai a lokacin Auta ta lura keken ɗinki ya daɗe da yin shiru.

Yaya tana zaune hannunta a kan yadi, idonta ya kaɗa. Ita ba ruwanta da zaure, ba ta taɓa tambayar ƙanwarta wane kifi ne wannan da ake ta kuri da shi ba. Ta tashi ta haye benen da ke bayan shago zuwa ɗakunansu. Auta ta ji ana jan akwati a sama.

Yaya ta sauko rungume da littafin. Bangonsa ya koɗe, gefensa ɗaya akwai tabon ƙuna inda ƙarfen dalma ya taɓa shi. Ƙamshin shagon Abba ya taso daga jikinsa, Auta ta ja da baya.

"Yaya, ki mayar."

"Buɗe babi na biyu."

"Na san abin da ke ciki."

"Autar Abba," Yaya ta ce a hankali, "gara ki gani a nan, ni da ke, da ki ji shi daga bakin taro."

Ta karɓa. Takardun sun yi ja, a gefen wasu akwai sawun babban yatsansa da baƙin mai. Ta sami wurin. Ga allurar a wuyan riga. Ga gindin matakala. Ga yagar gajimare da ruwa yana tsattsafowa, kalma bayan kalma kamar yadda take a kanta. Ta bi layin da yatsa zuwa gaba.

*…sannan ta haye da gudu, ƙafafunta ko taɓa matakalar ba sa yi.*

Ta sake karantawa. Ta duba saman shafin ko ta tsallake wani. Ta buɗa gaba, wurin da Maɗinkiya ke bin zaren da iska ta ƙwace, a nan ma gudu take. Ta buɗa wurin gadar bakan gizo, tsalle take. Ta buɗa ƙarshe. Ko'ina yarinyar nan ƙafafunta biyu lafiya lau, tana sheƙa gudu a cikin littafin kamar ba ta taɓa sanin Auta ba.

Ta zauna a kan naɗin yadi, littafin a buɗe a cinyarta. Silin ɗin asibiti ya dawo mata, da wani tabon ruwa da ke jikinsa mai kama da gajimare, wanda ta sha ɗinkewa da ido. Benen makarantarsu ya dawo, yara suna wuce ta da gudu suna ture-ture, ita tana hawa tana cewa a ranta, iska na jira na. Ranar da ta fara zuwa neman aiki, ranar da aka fita da gawar Abba, duk da layin nan ta taka su.

"Ashe ƙarya ya yi mini."

"Ki sake faɗa in mare ki, da girmanki da komai."

Yaya ta durƙusa a gabanta. Ta ce ita ce mai danna rakoda a ranar, tana tsaye a gefen teburin aikinsa. Da aka sa wa Auta filasta, takalminta na hagu ya zama ba shi da aiki, aka dawo da shi gida shi kaɗai. Abba ya ɗauka ya ajiye a kan tebur, tsakanin wayoyi da batura, wai don ya riƙa ganinsa. Yana cikin karatu, bai san abin da ke gaba ba, sai ga kalmar gudu ta taso masa. Ya tsaya. Ya dubi takalmin nan. Sannan ya ci gaba da abin da ba ya cikin takarda.

"Shirun da kike ji ke nan," in ji Yaya. "Ba numfashi yake ja ba."

Ta ce daga ranar bai ƙara yarda an shammace shi ba. Kafin ya karanta kowane babi sai ya bi shi shi kaɗai, ya nemo duk inda yarinyar ta yi gudu ko tsalle, ya shirya abin da zai faɗa a madadinsa. Sauran kuwa ko wasali bai taɓa ba, yana cewa littafin mutane ne, amana ne, ƙafa ɗaya kawai ya ara. Ya ce in Auta ta girma ta karanta da kanta, lokacin ta riga ta iya hawa, ba za ta buƙaci aron ba. Wa ya san ba za ta taɓa buɗewa ba?

Auta ta kifa fuskarta a cikin littafin. Ba ta yi kuka mai sauti ba, kafaɗunta ne kawai ke motsi.

Can ta ɗago ta dubi lemar da ke jingine da kujera.

"Ya gane," ta ce.

"Tun a ji na farko."

"Kuma ya bar ni na ce masa matsoraci."

Yaya ta share mata fuska da gefen mayafi, ta ce ai mutumin da zai auna taga ɗaya har tef ya gaji, ba kalma ɗaya ce za ta kore shi ba.

Waya ta sake zillo. Shugaban zaure ne, wanda suke kira Sarkin Ƙorafi. Ya ce wuri ya cika maƙil, tsohuwar ma ta iso tun kafin a buɗe ƙofa, kowa Tsinin Allura yake jira, ina take? Yaya ta ce mata ta rubuta masa cewa ba ta da lafiya, ai ba ƙarya ba ne. Gobe a yi surutu, jibi a manta, sunanta yana nan yadda yake, ba wanda zai taɓa sanin mene ne kifin.

Auta ta daɗe tana kallon layin nan na gudu. Sannan ta rufe littafin ta rungume shi, ta sa waya a jaka, ta miƙa hannu ta ɗauki lemar.

*

Zauren sinimar ya yi tsit da ta shigo, sai kuma raɗa ta bi layi-layi. Masu Allura sun cika ɓangare guda, wasu har da zaren azurfa a ɗaure a wuyan hannu. Wata ta kamo gefen rigarta tana wucewa ta ce, Tsini, ki soke su. A kan dandamali masu fim suna jere a kujeru, farin majigi a bayansu kamar gajimaren da ba a taɓa yagawa ba. Mai Lema yana can ƙarshe. Da ya hango littafin a hannunta sai ya sunkuyar da kai.

A layin gaba, a tsakiya, wata 'yar tsohuwa ce zaune cikin mayafi ruwan toka, hannayenta a kan cinya. Ba sai an gaya wa kowa ko wace ce ba, kujerun gefenta ma kamar sun ɗan ja baya don girmamawa.

Matakalar dandamalin ba ta da abin dafawa. Mai Lema ya yunƙura zai taso, ta girgiza masa kai. Ta dogara da lemarsa ta fara hawa, dama, sannan hagu. Ba wanda ya yi tari. A karon farko a rayuwarta ta hau bene ba ta ce iska na jira na ba, amma duk da haka sai ta ji kamar ana jira.

Ta tsaya a gaban makirufo. Ta ce ta yi musu alkawarin kuskuren da ya fi duka, kuma ta zo da shi. Ta buɗe babi na biyu ta karanta musu layin, har zuwa inda yarinyar ta haye da gudu.

Daga cikin jama'a Ƙididdiga ya ce, to ai haka yake a fim.

"Haka yake," in ji Auta. "Fim bai yi kuskure a nan ba. Na zo ne in ce sun cire mata ɗingishi, ashe ba ta taɓa yin sa ba. Ni ce ban taɓa karanta littafin nan da idona ba sai yau."

Guna-guni ya tashi. Sarkin Ƙorafi ya dafe kai da hannu biyu. Wata a baya ta yi 'yar dariya, aka harare ta ta haɗiye.

Auta ba ta sauka ba. Ta ce ita karanta mata aka yi tana kwance a asibiti, kuma tunda sun taru don su ji inda aka sauya littafi, to ga wanda ya fara sauya shi, mahaifinta ne, mai gyaran rediyo, Allah ya jiƙansa. In akwai mai ƙorafi, ita za ta amsa a madadinsa.

Ta kara wayar a bakin makirufo.

Shuuu na kaset ya cika zauren, ya hau har rufi. Rediyon nan mai neman tasha. Gyaran murya. Gindin matakala, yagar gajimare. Sai shirun, wanda a cikin manyan lasifikoki ya zama faɗi kamar ɗaki, har kana iya jin mutum yana kallon wani abu. Sai ƙafar hagu. Sai iska da ta tsaya ta jira.

Ta kashe. Ba tafi, ba magana. Mai Lema ya juya fuskarsa wajen majigi. Ƙididdiga, mai ƙirga maɓalli, yana ta goge ido da bayan hannu yana yi kamar wani abu ne ya faɗa masa a ciki.

Sai kujera ta yi ƙara a layin gaba.

Tsohuwar ce ta miƙe. Wani ma'aikacin sinima ya miƙo hannu zai tallafe ta, ta ture shi a hankali. Ta fara takowa wajen dandamali, a cikin shirun nan kowa yana jin takunta. Dama. Sannan wata 'yar ƙara a kan daɓe, ƙarar da Auta ta fi sanin ta fiye da muryarta.

Ƙafar hagu take ja.

Ta iso gindin matakala ta tsaya, ta ɗaga kai. Idanunta sun cika. Ba ta nemi makirufo ba, amma har layin baya an ji ta.

"'Yata, a rubutuna na farko ba gudu take yi ba. Ni na miƙe mata ƙafa kafin kowa ya gani, ban kuma taɓa faɗa wa mahaluki ba."

Ta ɗora tafin hannunta a bakin dandamalin, kusa da takalmin Auta.

"Wa ya gaya wa mahaifinki?"